Takardar Yabo ko Shaidar Zur?

Da yawa daga cikinmu marubuta malaman makaranta ne a Funtuwa da Malumfashi. Manomi kan sayar da masara da auduga don ɗansa ya tafi jami'a a Masar ko Ingila, sa'an nan ya zo mu rubuta wa yaron takardar shaida. Sakamakon WAEC dai ba ya ɓoyuwa, jami'ar tana iya tantance shi ta intanet. Halin yaro kuwa, daga bakinmu kaɗai za ta ji. To, in muka mai da malalaci haziƙi don kunyar mahaifinsa, taimako ke nan? A ganinmu zur ce. Ranar da ya kasa a can, takardar ƙanensa mai ƙwazo za a ƙi gaskatawa.