Shaidar Da Ba Ta Tubar Da Kowa Ba, Banza Ce?

'Yan'uwa, in mutum ya ba da shaidar Almasihu, aka ji shi, amma ba wanda ya tuba, wahalarsa ta zama banza ke nan? Bari mu duba labarin wata mace.

Sunanta Mary Fisher, baranya ce a wani gida a Selby ta ƙasar Ingila. Ta shiga jama'ar Abokai, waɗanda a ke kira Kweka, mabiyan George Fox. Cikin 1653 aka yi mata bulala a Cambridge saboda wa'azi. Cikin 1656 ta haye teku zuwa Boston ta Amurka, aka ƙone littattafanta, aka kulle ta mako biyar, kana aka kore ta. Ku lura, masu yin wannan duka Kirista su ke kiran kansu.

Cikin 1658 ta isa wurin Sarkin Turkawa, Muhammadu na Huɗu, a Adrianople. Sarkin nan Musulmi ya karɓe ta da girma, ya saurare ta ta bakin tafinta. Da aka tambaye ta zancen Annabinsu, ba ta yi zagi ba, ba ta kuwa yi daɗin baki ba. Abin da ta sani na Almasihu ta faɗi. Sarki bai tuba ba, amma ta koma gida tana yabon kirkinsu.

Wani zai ce, ai wannan ladabi tsoro ne. Ina! Wadda ta sha bulala ba ta daina ba, ba matsoraciya ce ba.

To, mu fa? Mutanen Fagge da na Sabon Gari kullum muna cuɗanya, a Kantin Kwari, a Kasuwar Sabon Gari. Jaraba biyu ke gabanmu: mu yi shiru don gudun fitina, ko mu shiga majami'a mu yi ta habaici a kan addinin maƙwabcinmu. Mun san rayukan da aka rasa a Kano cikin Oktoba 1991, mun san magana zarar bunu ce. Amma shiru ma ba shaida ba ne.

Tubar da zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Namu shi ne mu faɗi gaskiya da tawali'u, yadda 1 Bitrus 3:15 ta koya mana. Wanda ya yi haka bai yi hasara ba, ko da ya koma gida shi kaɗai. Ubangiji ya ba mu irin wannan baki. Amin.