Tsohuwar Rediyo Da Amanar Mai Gyara

A cikin masu sha'awar kayan da, akwai waɗanda suka zaɓi tsofaffin akwatunan rediyo. Sukan bi kasuwanni da shagunan masu gyara suna cigiyar Philips ko Grundig ko Bush na shekarun 1950, masu jikin katako da ƙwayayen gilashin nan da ake kira bawul, waɗanda in an kunna sai an jira sun ɗau zafi kafin murya ta fito. Tun da rediyo mai taransisto ta shiga kasuwar Amurka a 1954 irin waɗannan suka fara ja da baya, har suka koma ɗakin shirgi.

To, duk wanda ya buɗe bayan irin wannan akwati zai tarar da aiki. Kwandansocin da aka yi da takarda da kakin zuma sun lalace, in aka jona wuta a haka suna iya ƙona taransifoma. Robar wayoyi ta bushe tana marmashewa, ƙyallen gaban sifika kuwa asu ya cinye. Dole a canza. A nan tambaya take: bayan an canza wannan an canza wancan, rediyon jiya ce ko wata ce daban? Kamar manomi ne da ke cewa fartanyar kakansa ce a hannunsa, alhali an sake mata ƙota sau uku, maƙeri ya sake ruwan sau biyu.

Wasu suka ce kada a taɓa komai, a goge ƙura a ajiye. Amma ai don magana aka ƙera ta. Rediyon da ba ta magana akwati ce kawai. Wasu kuma sukan kwashe kayan cikin gaba ɗaya, su dasa na zamani, su rufe, su sayar da sunan tsohon kaya. Murya takan fita tangaran, sai dai an yi algus.

Wani zai ce, ina laifi tun da mai saye ya ji daɗi? Laifin shi ne, shekaru ya biya kuɗinsu, ba ƙara ba. Sa'an nan wanda zai buɗe akwatin nan gaba don ya ga yadda mutanen da suka yi aikinsu, ƙarya zai koya, ya kuma koyar da ita.

A ganina, mai gyara na ƙwarai yakan canza abin da ya zama tilas kaɗai. Abin da ya cire ya ƙulle shi a leda ya ajiye tare da akwatin, ya rubuta a takarda abin da ya sake da ranar da ya sake shi. Ba zai kankare wurin da yatsa ya cinye a jikin mamurɗi ba, ko ɗan zanen da mai ita ya yi a gilashi daidai mitar da yake kama Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ko Rediyon Kaduna da ta soma a 1962. Waɗannan tabbai su ne shaidar wani ya rayu da ita.

'Yan'uwa marubuta, wannan magana tamu ce. Da yawanmu muna tattara tatsuniyoyi daga bakin tsofaffi, ko mu juya takardun ajami zuwa boko. Inda gara ta ci kalma, muna iya cikewa, amma mu sa alama cewa namu ne. Inda tsohuwa ta faɗi kalmar da ta yi wa kunnenmu nauyi, mu bar ta mu yi bayani a ƙasa. Kayan aro muka karɓa daga waɗanda ba su da bakin da za su ƙaryata mu yanzu, shi ya sa amanarsu ta fi ta mai rai nauyi.