Jinyar Iyaye da Masu Duba da Kati

Wani bawan Allah ya same mu bayan Isha'i. Mahaifiyarsa na kwance a Arewa, shagonsa na nan Kudu. Ya koma jinya ko ya zauna nema? Ruɗewa ta kai shi wajen mai duba da kati a TikTok.

Jama'a, kati bai san gobe ba. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa ɗan duba da tambaya, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40.

Gajiya da jinya ba zunubi ba ce, jikinka ma yana da haƙƙi a kanka. Ka yi istihara, ka tara 'yan'uwa ku raba kwanakin jinya da kuɗin magani. Kada a jibga wa ƙanwa ɗaya komai.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, amin.