Rantsuwa kafin sani: darasi daga tarihin Katolika da Masuniyya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, akwai wata mas'ala da matasa ke yawan kawo mana, musamman waɗanda suka ƙare karatu suka kama aiki a manyan birane. Sukan ce: idan aka gayyaci mutum shiga wata ƙungiya mai alƙawarin taimako da ɗaukaka a wurin aiki, amma da sharaɗin ya rantse zai riƙe asirinta tun bai san ko mene ne asirin ba, shin ya halatta ya shiga? Kafin mu ba da amsa, mun ga ya dace mu duba yadda wasu mutane da ba Musulmi ba suka yi fama da wannan mas'ala kusan shekara 300, domin hikima kayan mumini ce da ta ɓace masa, duk inda ya same ta sai ya ɗauka.

An kafa babbar majalisar Masuniyya ta farko a birnin Landan a shekarar 1717. Ƙungiya ce ta maza mai darajoji hawa-hawa, da alamomin gane juna, da rantsuwa mai nauyi a kan ɓoye abin da ake yi a zaurenta. A 1738 Fafaroma Kilemen na 12 ya haramta wa mabiya Katolika shigarta, kuma daga cikin hujjojinsa akwai wannan rantsuwa ta ɓoye. Fafaroma Leyo na 13 ya sake tsananta hanin a 1884, shekara 7 bayan babbar majalisar Masuniyya ta Faransa ta soke sharaɗin imani da Allah ga mai son shiga. A 1983 aka sabunta kundin dokokin cocin ba a ambaci Masuniyya da suna ba, har wasu suka zaci an sassauta, sai Kardinal Ratzinger ya fitar da sanarwa cewa hanin yana nan daram. An sake jaddada shi a 2023, zamanin Fafaroma Faransis.

To amma hani kaɗai bai tsai da mutane ba. A Amurka ta ƙarni na 19, yawancin ƴan Katolika baƙi ne matalauta masu aiki a masana'antu, kuma idan magidanci ya rasu, iyalinsa sukan shiga halin ƙaƙa-nika-yi. Ƙungiyoyin asiri kuwa suna da asusun da ke tallafa wa iyalin mamaci, don haka maza suka riƙa shiga duk da gargaɗin limamansu. Wani matashin limamin coci a garin New Haven, Fada Michael McGivney, wanda shi kansa sai da ya dakatar da karatu lokacin da mahaifinsa ya rasu a 1873, ya gane cewa buƙata ce ke kai mutane can. A 1882 ya kafa ƙungiyar Baraden Kolumbus, wato Knights of Columbus, mai asusun tallafa wa marayu da uwayensu, a ƙarƙashin idon shugabannin addininsu. A yau membobinta sun kai kimanin miliyan 2. Maƙwabtanmu ma sun bi wannan sawu: an kafa Baraden Marshall a Sekondi ta ƙasar Gana a 1926, da Baraden Mulumba a Onica ta Nijeriya a 1953.

Zaman waɗannan ɓangarori biyu ya haɗa da zaƙi da ɗaci. Wajen 1912 maƙiya Katolika suka baza wata takardar ƙarya, wai ita ce rantsuwar Baraden Kolumbus, cike da alwashin zub da jinin waɗanda ba ƴan Katolika ba. A 1914 sai Baraden suka miƙa littafin bukukuwansu ga wani kwamitin manyan ƴan Masuniyya a jihar Kalifoniya. Waɗannan suka karanta, suka shaida a bainar jama'a cewa takardar ƙage ce. Amma a 1922 wani reshen Masuniyya ya goyi bayan dokar jihar Oregon da ta tilasta kai yara makarantun gwamnati kaɗai, abin da zai kashe makarantun addini. Baraden suka ba da kuɗin shari'a, har kotun ƙolin Amurka ta rushe dokar a 1925. A 2020 kuma Baraden suka buɗe bikin shigar sababbin membobi, iyalansu na iya halarta su ga abin da ake yi.

Abu na farko da muka fahimta daga wannan tarihi shi ne aibin yana cikin tsarin rantsuwar kanta. Rantsuwa amana ce, kuma ba a ɗaukar amana sai an san nauyinta. Wanda ya rantse zai ɓoye abin da bai riga ya gani ba, ya ba da wuyansa ga wasu mutane kafin ya auna umarninsu da ma'aunin shari'a. Ranar da ɗan ƙungiyarsu ya zo gabansa a kotu, ko a wurin rabon aiki ko kwangila, ga kuma wani talaka mai gaskiya, to alƙawari biyu za su yi karo a zuciyarsa, kuma wanda zai cutu shi ne talakan da ba ya cikin zauren. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya mana cewa taimakon ɗan'uwa azzalumi shi ne a riƙe hannunsa daga zaluncin. A kan irin waɗannan dalilai da wasunsu ne Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta yanke hukunci a Makka a 1978 cewa Masuniyya ta saɓa wa Musulunci.

Wani zai ce: ai Musulman farko ma sun taru a ɓoye a gidan Arƙamu. Haka ne, sun ɓoye wurin taronsu da sunayensu saboda azabar Ƙuraishawa. Amma duk wanda ya zo karɓar addini sai an bayyana masa abin da ake kiransa gare shi kafin ya yi shahada, kuma ba a taɓa ajiye wata aƙida ta daban ga manya ba. Aya ta 114 ta Suratun Nisa'i ta nuna mana cewa ganawar asiri tana da alheri ne idan a kan sadaka take, ko kyakkyawan aiki, ko sulhu tsakanin mutane. Wannan ma'auni ya hau kan ƙungiyoyinmu mu ma.

Abu na biyu shi ne adalci ga wanda muka saɓa da shi. Waɗancan ƴan Masuniyya na 1914 sun faɗi gaskiya a kan abokan hamayyarsu, kuma wajibi ne mu ambata musu wannan. Suratul Ma'ida ta hana mu barin ƙiyayya ta kai mu ga rashin adalci, Suratul Hujurati kuma ta umarce mu da bincika labari kafin mu yaɗa shi. Yau abu kaɗan ne a ce wane ɗan ƙungiyar asiri ne don kawai ya yi arziki ko ya sami muƙami, a baza ta waya ba hujja ba shaida. Wannan ƙazafi ne, kuma daidai yake da waccan takardar ƙarya. Haka nan ƙin shiga ƙungiyar mutum bai hana a haɗa hannu da shi a fili wajen kare wanda aka zalunta. Annabinmu ya halarci Hilful Fuduli a gidan Abdullahi ɗan Jud'an tun yana saurayi, ya kuma yabe shi bayan zuwan Musulunci, domin alƙawari ne bayyananne a kan gaskiya.

Abu na uku ya fi shafar mu shugabannin masallatai da ƙungiyoyi. Mun iya hani a kan mumbari, amma idan magidanci ya rasu a unguwa, bayan sadakar uku da ta bakwai, wa ke komawa ya tambayi kuɗin hayar gida da na karatun marayu? Matashin da ya ga haka da idonsa, shi ne gobe zai saurari mai yi masa alƙawarin rufin asiri a wani zaure. Matanmu sun daɗe da riƙe adashe bisa amana. Ba abin da zai hana jama'ar kowane masallacin Juma'a, daga Maraɗi zuwa Damagaram da Tawa, su kafa asusun marayu, kowane magidanci ya zuba ko da jika guda a wata, a rubuta shiga da fita, a karanta lissafin a gaban kowa.

Saboda haka amsarmu ga matasa ita ce: kada ku rantse a kan abin da ba a nuna muku ba, kada ku shiga inda ba za ku iya gaya wa uwayenku da malamanku abin da ake yi a ciki ba. Mu kuma manya, haƙƙi ne a kanmu mu tanadar musu zumuncin da zai wadatar da su.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya jiƙan magabatanmu, Ya rufa wa marayunmu asiri. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.