Sayar da Tsohuwar Mota Ga Wanda Ke Ƙetare: Idonka Ne Idonsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

A Turai da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin motoci, irin su Marsandi ta da, da Fijo 504. Ita 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, kuma an daɗe ana haɗa ta a Kaduna bayan an daina yin ta a can. A Amurka, motar da ta kai shekara 25 ana shigar da ita ba tare da an ɗora mata ƙa'idojin kariya na sababbin motoci ba. Shi ya sa motar da kaji ke kwana a ƙarƙashinta a gidan wani, a wata ƙasa dukiya ce. To idan Bature ya ga hoto a intanet ya taya da tsada, me shari'a ta ce?

Tsadar dai ba laifi ba ce. Shari'a ba ta yanke wa riba iyaka ba. Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo masa akuya. Ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, Annabi ya yi masa addu'ar albarka. Mai tara tsofaffin motoci ya san abin da yake nema, tarihi yake saye. In ya yarda da farashi da saninsa, kuɗinka halal ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayani. Mai saye na gida zai zo da makanikensa, ya buɗe inji, ya leƙa ƙasa, ya zaga gari da ita. Wanda ke Jamus fa? Ba shi da komai sai hotonka da maganarka. Malaman Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye bisa siffantawa: in kaya ya zo yadda aka siffanta, ciniki ya tabbata, in ya saɓa, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Ka ga ke nan siffar nan ita ce ginshiƙin cinikin. Kai ne idonsa. Gwargwadon nisansa, gwargwadon nauyin amanar da ke wuyanka.

Mu duba abin da ake yi. A cike ramin tsatsa a fesa fenti. A mayar da lissafin kilomita baya. A zuba baƙin mai mai kauri don inji ya rage hayaƙi. A ɗauki hoto ta ɓangaren da bai taɓa haɗari ba. A yi shiru a kan cewa an canza inji, alhali wajen masu wannan sha'awar injin asali na daga cikin abin da suke biyan kuɗi dominsa. Wannan shi malamai ke kira tadlisi. Annabi (SAW) ya hana a ƙi tatsar dabba kwana da kwanaki don hantsarta ta cika a ɗauka mai nono ce, ya kuma ba wanda ya saya damar mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino. Hantsar jiya ita ce fentin yau. Muslim ma ya ruwaito yadda ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji jiƙa a ƙasa, ya tuhumi mai shi kan me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama, ya kuma barranta daga mai algus.

Wani zai ce: "Malam, ai ban yi ƙarya ba, bai tambaya ba ne." Yaya zai tambayi abin da bai gani ba? A hadisin Hakim ɗan Hizam, albarkar ciniki an rataya ta ne a kan abu biyu, gaskiya da bayyanawa; gushewarta ma a kan abu biyu, ƙarya da ɓoyewa. Shiru a kan aibin da ka sani ɓoyewa ne. Rubuta "an sayar yadda take" ba ya wanke ka daga aibin da ka sani ka rufe.

Wani kuma zai ce: "Ai ba Musulmi ba ne, kuma kuɗi gare shi." Subhanallah! Ka koma aya ta 75 a Suratu Ali Imrana. Allah Ya zargi wasu daga ma'abota littafi da ke ganin babu laifi a kansu in sun ci dukiyar wanda ba nasu ba, Ya kuma kira wannan da'awa ƙarya. Yaya za mu ɗauki halin da Allah Ya zarga mu mai da shi dabara? Mu ai mun san zafin abin. Mutum nawa ya sayi 'yar Kwatano tana sheƙi, bayan wata biyu ya gane ta taɓa nutsewa a ruwa? Abin da ba ka so a yi maka, kada ka yi wa wani don kawai teku ta raba ku.

Me ya kamata? Ka ɗauki hoton tsatsar kamar yadda ka ɗauki na kujeru. Ka tura bidiyon inji lokacin da aka tayar da shi da sanyin safiya. Ka faɗi abin da aka canza, ka nuna lambar shasi da takardu na gaskiya. Ka ba shi dama ya turo wanda zai duba masa. Ku rubuta komai: farashi, wa zai biya jirgin ruwa, yaushe mota ta fita daga lamuninka. Aya ta 282 a Baƙara ta yi umarni da kafa shaida a ciniki, kuma rubutun yana kare ka kai ma, don a cikin masu saye akwai 'yan damfara. Dillali shi ma ya ji tsoron Allah: ƙirƙiro masu tayi na bogi don farashi ya hau shi ne najashi, haramun ne.

Wataƙila gaskiya ta rage maka wani abu daga farashin. To, abin da ya ragu ɗin dama ba naka ba ne. Shi mai sayen wataƙila ba za ku taɓa haɗuwa a duniya ba, kotunsa ma ba za ta iso ka ba, amma akwai ranar da za a tsayar da ku wuri ɗaya.

Allah Ya tsarkake mana dukiyoyinmu, Ya wadata mu da halal. Wallahu a'alam.