Shin Ana Yi Wa Caca Awo?

 

Ya ɗan'uwana saurayi Musulmi, ka sani a shekarar 2021 wata cibiyar binciken shaye-shaye da jaraba ta ƙasar Kanada ta fitar da ƙa'idoji uku ga masu caca, bayan nazarin bayanan mutane fiye da 60,000 daga ƙasashe 8. Na farko, kada abin da mutum zai zuba a wata ya wuce kashi 1 cikin 100 na kuɗin da ke shigowa gidansa. Na biyu, kada ya yi caca fiye da kwana 4 a wata. Na uku, kada ya lizimci fiye da iri 2 na caca. Suka ce dole a haɗa ukun gaba ɗaya.

Tunda yanzu caca ta shiga wayar hannu, ta kuma lulluɓa da rigar ƙwallon ƙafa, tambayar ta iso majalisar samarinmu: in masana sun auna, ashe ke nan kaɗan ba ta da laifi?

Mu fara da yi musu adalci, domin Musulmi ba ya tauye haƙƙin kowa. Waɗannan mutane ba tallar caca suke yi ba. A ƙasarsu doka ta halatta ta, sun ga gidaje na mutuwa, bashi na danne magidanta, sai suka nemi rage ɓarna. Haka Ingila ta yi a 2019, ta rage abin da ake zubawa lokaci ɗaya a wasu injinan caca daga fam 100 zuwa fam 2, a 2020 kuma ta hana caca da katin bashi na banki. Rage ɓarna abu ne mai kyau, ba mu musun wannan.

To amma ka duba sunan da suka ba ƙa'idojin. Cewa suka yi na "rage haɗari", ba su ce na "kawar da haɗari" ba. Har suka ƙara da cewa mai fama da giya ko ƙwaya, da mai ciwon damuwa, da wanda caca ta taɓa wahalar da shi ko wani a danginsu, ya kamata ya yi ƙasa da haka ko ya bari ɗungurungum. Wannan shaida ce a kan caca, daga bakin waɗanda ba su haramta ta ba.

Yanzu yi lissafi da kanka. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a Nijeriya a 2024 naira 70,000 ne. In da shi kaɗai gida ya dogara, kashi 1 cikin 100 naira 700 ke nan a wata. Tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin ɗan caca da ya tsaya a 700? Kuma wanda ya jera wasanni 10 a takarda ɗaya, ko da kowane wasa rabi da rabi ne tsakanin dacewa da kuskure, damar ya dace duka ita ce 1 cikin 1,024. Sai tara su yi daidai, ɗaya ya ɓata, zuciya ta ce masa "saura ƙiris". Wannan ƙiris ɗin shi ne ƙugiyar. Gobe ya koma don ya fanshe na jiya, jibi ya taɓa jarin uban gida, gata ya sayar da wayar.

Ga asalin matsalar. Wa zai tsare iyakar? Hankalinka ne. Me caca take fara ci? Hankalin nan dai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtuka, kuma babbar alamarta ita ce mutum ya kasa tsayawa inda ya yi niyyar tsayawa. Ashe ka ba kura ajiyar nama, kana cewa ta ci tsoka ɗaya ta bar saura.

Sa'an nan ƙa'idojin sun auna cutar da za ta same ka ne kawai. Ba su tambayi inda kuɗin da ka ci ya fito ba. Ɗan kasuwa ya ba ka kaya ka ba shi kuɗi, kowa ya tafi da abu a hannu. Leburan gini ya ba da guminsa. Ɗan caca fa? Abin da ya ci kuɗin makarantar wani ne, kuɗin cefanen wata ne, bayan kamfani ya yanki nasa. Cin dukiyar mutane ba da haƙƙi ba, ko naira ɗaya ce, sunansa bai canja ba.

Shi ya sa Alƙur'ani bai yi mata mudu ba. A Suratul Baƙara, aya ta 219, an ambaci cewa akwai amfani a giya da caca, amma zunubin ya rinjayi amfanin. A Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, aka yi umurni da nisantar su, aka faɗi dalili: gaba da ƙiyayya, da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa wanda ya kira abokinsa su yi caca, to ya ba da sadaka. Kira kaɗai fa, tun ba a zuba ko kwabo ba!

In wani ya ce, "Ai giya ma a hankali aka hana ta," sai mu ce: gaskiya ne, amma kowane mataki zuwa ga bari ya nufa, kuma hukunci ya riga ya cika. Tsanin da aka zura wa wanda ya faɗa rijiya don ya fito ne. Mai hankali ba ya cewa tunda ga tsani bari in shiga.

Saboda haka, in ba ka fara ba, kada ka ɗanɗana, ko da kamfani ya ce kyauta ya ba ka. In kana ciki, tuba yau, ba sai ka fanshe ba. Goge manhajar daga wayarka. Ba mahaifinka ko wani amintacce riƙon kuɗinka na wani lokaci. Rubuta bashin da ke kanka, ka fuskanci masu shi. Canja majalisa. In abin ya fi ƙarfinka, ga likita, ba abin kunya ba ne. In kuwa ɗan'uwanka ne ya faɗa, kada ka tozarta shi a bainar jama'a. In ya rage, ƙarfafa masa gwiwa, amma kada ka ce masa ya iso, sai ranar da ya bari.

Allah Ya wadata mu da halal ɗinSa, Ya tsare samarinmu. Wassalamu alaikum.