Wanda ya faɗi, wa zai ɗaga shi?

A ƙofar shagon cajin waya da ke bakin layinmu a Tudun Wada, nan Gusau, akwai wani benci da samari huɗu suka mayar nasu. Da an sallame isha'i za su jeru, kowa ya duƙufa a kan wayarsa, manyan yatsu na rawa a kan gilashi. Ɗayansu ɗan ƙanwata ne, wanda ya dawo hannuna bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu a ƙasar Tsafe. Ran da na fara leƙa wayarsa na ga harbi yake yi, sai da gabana ya faɗi. Yaron da ya kwana a gonar dawa yana jin ƙarar harsashi, shi ne yau yake sayen data don a zuba masa ita a kunne?

Free Fire ake ce wa wasan. Kamfanin Garena na Singafo ya fitar da shi a ƙarshen 2017, ya kuma karɓu a wajen yaranmu saboda ƙaramar waya ma tana ɗaukarsa, ba kamar takwaransa PUBG ba. Mutum 50 ake zubowa daga jirgin sama da lema a kan wani tsibiri, kowa ya nemi makami, filin yana ta tsukewa, cikin kamar minti goma ƙungiyar da ta rage ita ta ci.

Ni malamin Islamiyya ne, don haka hukunci na fara nema, kuma haramci na so in samu. Ban rasa 'yan rakiya ba. A 2019 majalisar malaman lardin Aceh a Indunusiya ta ba da fatawar haramta PUBG, a shekarar kuma majalisar dokokin Iraƙi ta kaɗa ƙuri'ar hana shi. Ga hanin Manzon Allah (SAW) a kan nuna wa ɗan'uwa makami, wanda malamai suka ce ya haɗa har da raha. Sai dai Buharin da na ɗauko don ƙarfafa hujjata, shi ne ya kawo labarin Habashawan da suka yi wasan masu a masallaci, Nana A'isha tana kallo, da Sayyidina Umar ya so hana su aka ce ya ƙyale su. Ni kaina mai kumfar bakin, da langa na tashi a gindin dutsen Kwatarkwashi, inda in ka ka da yaro sai a ce ka kashe shi, kuma duk gumin da muke yi don mu kare ɗan wasan da ake kira ruwa ne har ya sha. Ban ji wani malami ya tsine mana ba.

Da littafi bai raba gardamar ba, sai na tambayi yaron. Na ce, “Me kake ji a cikin harbin nan?”

Ya ce, “Kawu, ba harbin ba ne. Duba ka gani.”

Ya karkato mini wayar. An harbi abokinsa, amma bai mutu nan take ba, yana ta rarrafe, jininsa na raguwa, yana kira daga can ƙarshen benci, “Tashe ni! Tashe ni!” Yaron ya bar maɓoyarsa ya ruga, ya kafa katangar ƙanƙara tsakaninsu da masu harbi, ya durƙusa a kansa na 'yan daƙiƙoƙi, sai ga mutum ya miƙe. Yaron bai ɗago kai ba ya ce, “Ran da aka shigo garinmu, kowa ta kansa ya yi.” Ban sake cewa uffan ba.

Daga baya na tuna Satumban 2021, lokacin da aka katse sabis ɗin waya a duk faɗin Zamfara. Na zaci bencin zai watse. Ina! Ludo suka koma, wanda in dai hukunci ake bi, ƙwayarsa ta fi kusa da nardin da hadisi ya hana ƙarara. Juna suke nema, wayar dalili ce kawai.

Ba na tsoron wasan zai mayar da yaron ɗan bindiga. Waɗanda ke tare hanyar Gusau zuwa Tsafe ba a waya suka koya ba. Abin da ke cizona daban ne. Ceton da yake yi ba ya cinsa komai. In an harbe shi a kan abokinsa, minti biyu ya sake hawa jirgi. To, amanar da ba a biya mata farashi, horo ce ga zuciya kamar yadda langa ta horar da ƙafafunmu, ko kuwa maganin barci ce da ke sa mutum ya ji ya sauke nauyin da bai ɗauka ba? Wata rana in karkata nan, wata rana can. Na fi karkata ga cewa horo ce, wataƙila don haka nake so ta zama.

Sharaɗi biyu na gindaya masa: asuba a jam'i, kuma kuɗin makaranta ba na sayen tufafin ɗan tsana a waya ba ne. Na farkon yana cika shi da ƙyar. Shekaranjiya na fito alwala wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sai na ji muryarsa daga zaure, ƙasa-ƙasa don kada ya tashe ni: “Kada ka motsa, ga ni nan zuwa.” Na daɗe tsaye da buta a hannu kafin in buga masa ƙofa.